Ku auna abin da manhajar kallo ke turawa kafin ku zargi layi

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman masu kallon ƙwallo a kwamfuta. Makon jiya ƙanena mai shagon caji a Ƙofar Wambai ya zo min rai a ɓace, wai data na ƙare masa kamar ana kwasa da ludayi. Da muka zauna muka duba, ashe manhajar talabijin ɗin da ya saka irin wadda masu kallo ke raba wa juna hoto ce. Haka manhajoji irin su Ace Stream suke aiki: kana karɓar wasa, na'urarka kuma tana tura wa wasu masu kallon, har na ƙasashen waje. Shiga da fita duk daga datarka ake cira.

Don ka gani da idonka, buɗe Resource Monitor (manhajar da ke nuna ayyukan da kwamfuta ke yi) a Windows, shiga Network, nemo sunan manhajar. Akwai layin abin da take karɓa, akwai na abin da take turawa. Na turawar nan shi za ka sa wa ido, ka bar shi kamar minti 10 ana tsakiyar wasa.

Riƙe wannan lissafin: hoto mai gudun megabit 2 a daƙiƙa yana cin megabait 900 a awa guda, ban da abin da ka tura.

Abin da ya fi ba ni takaici, ƙanen nawa ya rufe hoton amma manhajar na nan a maƙale kusa da agogon allo, wato tana iya ci gaba da cin data. Ka shiga saitinta ka rage gudun turawa, sannan in ka gama kallo ka kashe ta daga can gaba ɗaya.