Yadda ake kiwon kifi da noman ganye da ruwa ɗaya a bayan gida

Sunan tsarin akwafonik. Kifi ya ɓata ruwa da kashinsa, shuka ta tsotse dattin ya zame mata taki, ruwan ya komo wa kifi tsaf. Sai dai a tsakaninsu akwai ƙwayoyin bakteriya da ido ba ya gani, su ke juya amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, ta koma naitiret, abincin shuka. Duk wanda ya yi musu gaggawa, matattun kifi zai kwasa.

Da farko ka samu tanki mai cin lita 1000, ka ajiye shi a inuwa don kada gansakuka ta mamaye shi. A samansa ka ɗora kwami mai zurfin santimita 30, inda rana ke samu, ka cika shi da wankakkiyar tsakuwa. Kafin ka zuba, ɗiga wa 'yan ƙwayoyin tsakuwar ruwan khal. In ka ga suna kumfa, dutsen farar ƙasa ne, zai riƙa ɗaga pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ka nemi wata.

Sai famfon tura ruwa. Ka zaɓi wanda zai iya zagaya da ruwan tankin kaf cikin awa ɗaya, ya hau da shi kwami, ya gangaro ta bututu. Ka haɗa da injin hura iska, mai batir in da hali, domin in wuta ta ɗauke da dare, kifi ba ya jiran gari ya waye.

Ruwan famfo kan zo da kulorin, sinadarin da ke kashe bakteriya, ka bar shi ya kwana biyu a buɗe. Daga nan kunna famfon tura ruwan ba kifi ko ɗaya, kana jefa ɗan abincin kifi yana ruɓewa. Nan ake gwada haƙuri, don bakteriya kan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su zauna. Ka riƙa awon ruwan. Ranar da amoniya da naitirait (gubar da amoniya ke fara komawa kafin ta zama naitiret) suka sauka kusan sifili, naitiret ya bayyana, an kai.

Yanzu ka zuba karfasa ko tarwada, kaɗan tukuna. Ko sun girma, kada su wuce kilo 20 a lita 1000. Fara da latas da alayyafo, tumatir ya jira sai tsarin ya ƙosa. Ka riƙe pH tsakanin 6 da 7.

Abincin da bai ƙare cikin rabin awa ba, ka kwashe. Maganin ƙwari kuwa ko kusa, don cikin tankin zai gangara. In sabon ganye ya yi ɗorawa amma jijiyoyinsa na kore, sinadarin ƙarfe ne ya yi ƙaranci, sai ka ƙara irin wanda ke narkewa a ruwa.