Kurakuran sababbin masu noman inabi ba tare da maganin zamani ba

Na yi shekaru ina aiki a gonakin inabi na yankin Bordo a Faransa, kuma na gaji da ganin sababbin shiga suna faɗawa ramin da na faɗa.

Babban kuskure shi ne a ɗauka cewa barin takin zamani da maganin feshi na kamfani yana nufin a naɗe hannu. Wallahi aikin ninkuwa yake yi. Cutar fumfunar inabi da manoman nan ke kira mildiyu, wadda ta shigo Faransa daga Amurka a 1878, ba ta san kana da kyakkyawar niyya ba. Makaminmu ruwan jan ƙarfe ne, irin haɗin Bordo da ake yi da farar ƙasa, kuma ba ya warkarwa, rigakafi ne kawai. A kan ganye yake zama, ruwan sama mai ƙarfi ya wanke shi.

A 2018 na ga hadari ya haɗu, na ce bari a ɗauke ruwa tukuna in yi feshi. Aka kwana uku ana yi, ƙasa ta jiƙe har tarakta ba ta shiga. Bayan mako guda na ga tabo rawaya kamar ɗigon mai a ganye, na juya bayansa, fari fat kamar an barbaɗa gari. 'Ya'yan suka yi baƙi suka bushe a jikin kurangar. Fiye da rabin amfanin wannan fegin ya tafi. Tun daga ranar, kafin ruwa nake feshi, ko da asuba ce, in an yi mai yawa kuma in sake.

Amma kada tsoro ya sa ka yi ta zuba jan ƙarfe ba lissafi! Taruwa yake a ƙasa, yana kashe tana, ba ya tafiya. Tarayyar Turai ta ƙayyade kilo 28 a hekta cikin shekara 7. Wanda ya cinye kasonsa a damina biyu, da me zai yi yaƙi a ta uku? Ni kaɗan-kaɗan nake sawa, sau da yawa, ina kuma rage ganyen da ke rufe 'ya'yan don iska ta ratsa.

Masu bin tsarin noman da Rudolf Steiner, wani masanin falsafa ɗan Austiriya, ya kawo a 1924 kuwa, sai ka ga yaro ya cusa kashin saniya a ƙaho ya binne, yana duba kalandar wata, alhali ciyawa ta shaƙe masa gindin inabi. Ka fara da fartanya, ɗan'uwa.

Kada ka fesa farar wuta da tsakar rana mai zafi, tana ƙona ganye. Ɗanyen taki ma a bari ya ruɓe tukuna. Shekara uku ake yi kafin a ba ka takardar shaidar noma ba tare da maganin zamani ba, don haka ka tanadi kuɗin da zai riƙe ka kafin ka fara.