Kurakuran masu son karatun tsara kiɗa a jami'a

Abin da na fi gani wajen ƙannenmu na nan Maradi, yaro ya iya haɗa bit a FL Studio, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta, abokai na ta yaba mishi, sai ya ɗauka ai ya gama shiri. Wallahi can jami'a abin daban ne. Malam zai buga layi ɗaya a fiyano sau biyu ko uku ya ce rubuta abin da ka ji, daga kai sai kunnenka da fensir. Wanda bai taɓa solfej ba, wato horon gane sautukan kiɗa da karanta su, nan yake cijewa, kuma ba baiwa ya rasa ba, kunnen ne bai sha horo ba. Ka fara tun kafin ka ci bak, minti 20 kullum ya fi awa biyar ran Lahadi, ka rera do re mi da bakinka, ka ɗauki waƙar da ka haddace ka lalubo ta a fiyano sannan ka rubuta. MuseScore, manhajar rubuta kiɗa, kyauta ne, amma takarda tukuna.

Sai kuskuren rubuta ma kayan kiɗan da ba ka sani ba. Kwamfuta duk abin da ka ba ta bugawa take, ba ta numfashi ba ta gajiya. Biyolin, wato gogen Turawa, ba ta sauka ƙasa da sautin sol ɗin da ke ƙarƙashin do na tsakiya, in ka rubuta sautin fa a ƙasan shi babu mai buga maka. Mai algaita a fada yana kumbura kumatu yana jan iska ta hanci, busa ba ta yankewa, to ba kowane mai busa ya iya haka ba, dole ka bar mishi wurin shan iska. Ka kai ma mai bugawa takardar ya gwada a gabanka, inda ya yamutsa fuska nan za ka gyara.

Wanda ya fi ci min rai kuwa, yaro ya fara koyon jituwar sauti irin ta Turai sai ya raina gurmi da kalangu da goge, alhali su ne jarin shi, galibin kiɗanmu kan sauti biyar yake tafiya kuma in waƙar Hausa ce karin dole ya bi hawa da saukar magana, in ka murɗe shi ko tsohuwa a gida za ta ji wani abu ya karkace. In ka je Yamai ka leƙa CFPM Taya, cibiyar koyar da kiɗa, tun 1989 suke, suna da tarin kayan kiɗan gargajiya.

Kuma don Allah ka tambaya kafin ka kai dosiye, ba duk inda ake karatun kiɗa ake koyar da tsarawa ba. Jami'ar Nsukka a Najeriya na da sashen kiɗa tun 1961 amma da Ingilishi ake karatun. Ka tanadi aiki biyu ko uku da ka kai ƙarshen su, a rubuce, ko da na minti ɗaya ɗaya ne.