Inbatar jirgin ruwa na ƙone fis: yadda za a gano matsalar

Inbata ita ce na'urar da ke mayar da wutar batir zuwa irin wutar gida. Kafin ka sake sa sabon fis, lura da lokacin da tsohon ya ƙone, domin lokacin ne ke nuna inda cutar take. Kashe makunnin batir, ka cire zobe da agogon ƙarfe kafin ka ɗauki sifana.

Idan fis yana ƙonewa da zarar an haɗa batir, fara duba ko an juya waya, ja a wurin baƙa. In daidai suke, cire kebul daga inbata ka sa multimita (na'urar awon lantarki) a ma'aunin om tsakanin bakunanta biyu na DC, wato inda wayoyin batir ke shiga. Lafiyayyar inbata za ta nuna ƙaramar lamba sannan ta yi ta hawa, kafasitocinta (ƙananan ma'ajiyan wuta da ke cikinta) ne ke cika. In lambar ta tsaya kusa da sifili, taransistocin MOSFET (ƙananan makunnan lantarki da ke cikin inbatar) sun yi shot, sai gyara ko canji. Wani lokaci kuma inbatar ƙalau take, kafasitocin ne ke zuƙar wuta gaba ɗaya, musamman a batirin litiyam. Maganinsa: haɗa rezisto (mai rage gudun wuta) mai om 25 zuwa 50 tsakanin batir da inbata na 'yan daƙiƙu, sannan ka kunna makunnin.

Idan sai an ɗora kaya yake ƙonewa, lissafi ne. Inbata mai wat 1000 a kan batirin 12V tana jan kusan 95A, kuma batir na yin sanyi zuwa 10.5V sai jan ya haura 100A. Fis mai 100A ba zai kai ko'ina ba. Yawanci 150A ake sa wa irin wannan, da kebul mai kaurin 35mm² in tazarar gajera ce. Firiji da famfo kan ja ninkin wutarsu uku ko fiye a lokacin tashi, don haka gwada su ɗaya bayan ɗaya. Kada ka ƙara girman fis ya wuce ƙarfin kebul. Aikin fis shi ne kare kebul ɗin, in ba haka ba wayar ce za ta kama da wuta a cikin jirgi.

Wanda ya fi wahalar da mutane shi ne fis da ke ƙonewa bayan minti 20 ko 30 ana aiki. Nan zafi ne. Duba mazaunin fis: roba ta narke, ƙarfe ya yi baƙi, ko koren tsatsa na iskar gishiri ya hau kan tagulla. Girgizar inji tana kwance noti a hankali. Kuskuren da aka fi yi shi ne cusa washa tsakanin kan kebul da fis, alhali ƙarƙashin noti ne wurinta. Goge wurin ya yi ƙyalli, ka ɗaure tam.

In kuwa sai jirgi na tafiya yake ƙonewa, bi kebul da hannu har inda ya ratsa bango, za ka iya samun rigarsa ta goge. Fis ya zauna cikin santimita 18 daga batir, kamar yadda ƙa'idar ABYC (ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin ƙananan jiragen ruwa a Amurka) ta tanada, kuma a batirin litiyam a sa nau'in fis da ake kira Class T.