Bayan sallama daga asibiti: yadda ake karɓar jinya a ci gaba da ita a gida

Ranar da likita ya sallami majinyaci, aikin da ma'aikatan jinya ke yi dare da rana suna karɓeɓeniya ya dawo wuyan mutanen gida. Jiki ya yi ƙwarin da za a ƙarasa jinya a gida, amma warkewa tana gaba. Saboda haka tun saura kwana 2 ko 3 a yi sallama, a zaɓi mutum ɗaya da zai riƙe ragamar jinyar. Shi zai saurari likita, shi zai ajiye takardu, shi zai san abin da aka sha da wanda ba a sha ba. Gidan da kowa ke miƙa magani, nan ake shan ƙwaya ɗaya sau biyu, ko a tsallake ta gaba ɗaya.

Kafin a fita daga ɗakin jinya

Kada ku tafi sai da takardar sallama a hannu, wadda ta nuna ciwon, abin da aka yi, magunguna da ranar dawowa. Ku tambaya ko akwai gwajin da sakamakonsa bai fito ba, da wanda zai sanar da ku. Ku tambayi ranar cire zaren ɗinki, da lokacin da ruwa zai iya taɓa wurin, da lambar da za a kira in abu ya taso cikin dare.

Duk abin da za ku riƙa yi a gida, ku yi shi da hannunku a gaban nas: wanke ciwo, zubar da fitsarin jaka, allurar insulin, ɗaga majinyaci daga gado zuwa kujera. Kallo kaɗai ba ya koyar da hannu. In an yi muku bayani, ku maimaita shi da bakinku, a nan ake gano inda aka ji ba daidai ba.

Magunguna

Nan ne aka fi yin ɓarna. Ku kwaso duk magungunan da majinyaci ke sha kafin a kwantar da shi, ku jera su da sababbin a gaban likita ko mai harhaɗa magani, a ware muku gida uku: na ci gaba, na dainawa, da wanda aka canja yawansa. Magani ɗaya yana iya zuwa da suna biyu daga kamfanoni biyu, sai mutum ya haɗa tsohon kwali da sabo yana shan ninkin maganin hawan jini, jiri ya kayar da shi a banɗaki. Waɗanda aka daina, a fitar da su daga ɗakin.

Farasitamol na babba mai lafiyar hanta ba ya wuce giram 4 a awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, kuma magungunan mura da yawa suna ɗauke da shi a ciki, sai a lissafa da su. Wanda aka ɗora a kan maganin tsinka jini irin su warfarin kada a ba shi asfirin, ibuprofen ko diclofenac sai da izinin likita, domin haɗin na jawo zubar jini a ciki. Haka ma kowane jiƙo ko maganin ƙarin kuzari, a tambaya tukuna. Magungunan kashe raɗaɗi masu ƙarfi kamar tramadol da morphine suna busar da ciki, don haka in an yi kwana 3 babu bayan gida a faɗa wa likita.

Mai ciwon suga da ya dawo gida ba ya cin abinci sosai, in ana yi masa insulin kamar da, suga na iya faɗuwa. Alamarsa gumi, karkarwa, ruɗewa. In awon suga ya nuna ƙasa da 70 mg/dL kuma yana iya haɗiya, a ba shi sukari kamar cokalin shayi 3 a ruwa, a sake awo bayan minti 15. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya asibiti.

Ku sami littafi guda ku rubuta lokacin kowane magani, zafin jiki, fitsari da bayan gida. Littafin nan shi ne zai yi magana ranar da aka koma ganin likita.

Ɗaki da kwanciya

A zaɓi ɗakin da ya fi kusa da banɗaki, a kwashe wayoyi da shimfiɗun da ke zamewa, a bar fitila da dare. Gado ya zama in ya zauna a bakinsa tafin ƙafarsa na taɓa ƙasa. Kafin ya miƙe ya zauna minti 1 ko 2, domin doguwar kwanciya tana sa jini ya sauka da an tashi. Sanda kuwa a hannun ɓangaren mai lafiya ake riƙe ta.

Wanda ba ya iya juya kansa, a juya shi duk bayan awa 2, har cikin dare. Gyambon kwanciya yana farawa ne inda ƙashi ke danne fata ya hana jini gudana: ƙasan gadon baya, kwatangwalo, diddige, kafaɗa, ƙeya. A fata mai duhu ba lalle a ga ja ba. Sai dai wurin ya ƙara duhu, ya yi ɗumi ko tauri fiye da kewayensa, shi ya sa ake dubawa da ido da hannu kullum. In kun ga haka kada ku murza wurin, ku ɗauke nauyi daga kansa ku sanar da nas. A sa filo ƙarƙashin ƙwauri don diddige ya rataya a iska, wani kuma tsakanin gwiwoyi in yana kwance a gefe. Zanen gado ya kasance busasshe ba tare da tattarewa ba, kuma a ɗaga majinyaci da zane mutum biyu, kada a ja shi, jan yana saɓule fata.

Mai shanyewar ɓarin jiki sau da yawa haɗiya tana ba shi wahala. A zaunar da shi sosai kafin loma ta farko, a ba shi kaɗan-kaɗan, ya ci gaba da zama minti 30 bayan ya gama. In yana ƙwarewa da ruwa, ko muryarsa ta yi kamar mai kurkure maƙogwaro, a dakata a nemi shawara, domin abin da ya bi ta hanyar iska huhu yake sauka ya zama ciwon haƙarƙari.

Jakar fitsari kullum tana ƙasa da mara, ba ta taɓa ƙasa, robar ba ta lanƙwashe ba, a zubar kafin ta cika. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa roba ko ciwo, da kuma bayan an gama.

Mai taimako

Mutum ɗaya ba zai yi dare ya yi rana ba, cikin mako guda zai gaji ya fara mantuwa. A raba lokaci a rubuce. In za a ɗauko mai kula daga waje, a bambance aiki: wanka, ciyarwa da juyawa mai kula da ya sami horo zai iya, amma allura, canja roba da wanke babban gyambo aikin nas ne mai lasisi. A ga takardunsa, a tuntuɓi inda ya taɓa aiki, kuma ranar farko wani ya zauna ya ga yadda yake ɗaga majinyaci da yadda yake yi masa magana. Atisayen da likitan gashin ƙashi ya koyar a riƙa yinsa kullum, domin gaɓar da aka bari a kwance takan sandare.

Abin da ba a jira da shi

A koma asibiti nan take in zafin jiki ya kai digiri 38, ko ɗinki ya buɗe, ya yi wari ko yana fitar da mugunya. Haka in ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, domin yana iya zama gudan jini, in kuma numfashi ya sarƙe ko ƙirji ya ɗaure, gudan na iya kaiwa huhu. Karkacewar baki, sarƙewar harshe, baƙin bayan gida, amai da ya hana magani zama, fitsari da ya tsaya, da dattijon da ya ruɗe farat ɗaya, duk na gaggawa ne. Mai ciwon zuciya a auna nauyinsa kowace safiya, in ya ƙaru fiye da kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne ke taruwa, a kira likita ranar. Ko da dare ne za a fita, a tafi da takardar sallama, littafin jinya da dukkan magungunan a cikin kwalayensu.