Yadda ake neman ƙanƙarar ruwa a duniyar Mars, tun daga zaɓen fili har toya ƙasa

Jama'a duk lokacin da aka ce an samu ruwa a duniyar Mars sai ka ji ana tambaya wai ta yaya aka sani tunda babu ɗan Adam ɗin da ya taɓa taka wurin, kuma wallahi tambayar tana kan hanya. To bari in bi da ku yadda ake aikin daki-daki. Zan ɗauki na'urar Phoenix ta hukumar NASA ta Amurka, don ita ce ta fara damƙo ƙanƙarar da hannunta ta gwada a 2008. Ɗan'uwa ka ɗauka kai aka danƙa wa aikin.

Da farko kada ka yi gaggawar sauka, mai haƙa rijiya ma sai ya zagaya fili ya duba kafin ya kafa diga. Daga sama za ka fara. Akwai wasu haskoki masu ƙarfi da ke fitowa daga sararin samaniya suna dukan ƙasar Mars dare da rana, in sun daka sai wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira niyutiron su fantsamo sama, to inda ƙasa ke ɗauke da sinadarin haidurojin mai yawa sai ya rage musu gudu, shi kuwa haidurojin da shi aka gina ruwa. Da wannan dabarar kumbon Mars Odyssey ya gano a 2002 cewa akwai haidurojin jibge cikin mita ɗaya na saman ƙasa a can kusa da ƙuryar arewa da ta kudu. Alama ce mai ƙarfi, amma fa alama ce kawai, sai an je an tona.

Sai zaɓen fili. Kana son wuri shimfiɗaɗɗe mara manyan duwatsu, don na'ura mai ƙafa uku in ƙafa ɗaya ta hau dutse shi ke nan an yi asarar aikin shekaru. Masu Phoenix sun riga sun sa ido kan wani wuri, da babbar kyamarar kumbon Mars Reconnaissance Orbiter ta ɗauko hotonsa sai ga duwatsu birjik, dole suka canza. Suka koma wani fili a digiri 68 arewa, kwatankwacin arewacin Alaska a duniyarmu. Ka kuma nemi inda ƙasa ta tsattsage gida-gida kamar gindin tafkin da ya ƙafe da rani, sai dai a can kowane gida yakan kai wajen mita 5, ƙanƙarar da ke ƙarƙashi ce ke tsukewa da saki saboda sanyi har ta zana saman haka.

Lokaci ma sai ka lissafa. Hanyar zuwa Mars mai sauƙin mai tana buɗewa ne kusan duk wata 26, kuma tunda da sola za ka yi aiki dole ka isa dab da lokacin zafin arewacin, sa'adda rana ba ta faɗuwa sam a wannan yankin. An harba Phoenix ranar 4 ga Agusta 2007 ta sauka 25 ga Mayu 2008.

Saukar ita ce mai sa zuciya bugawa. Na'urar na shiga iskar Mars da gudun da ya kai wajen kilomita 20,000 a awa, kuma cikin minti bakwai ake so ta tsaya cak a ƙasa, garkuwar zafi ta fara cinye gudun, sai lema ta buɗe, sai a ƙarshe ƙananan injinan roka 12 su riƙe ta har ƙafafu su taɓa. Babu batun riƙe rimot a hannu, a ranar saƙo na ɗaukar wajen minti 15 kafin ya iso duniya, kafin ka ji ta shiga iskar ta riga ta sauka ko ta tarwatse. Don haka komai sai ka rubuta wa kwamfutarta tun a gida, ka gwada ka sake gwadawa. A 1999 an rasa wata na'urar NASA mai suna Mars Polar Lander a can kudancin Mars, bincike ya fi karkata ga cewa girgizar buɗewar ƙafafunta ce kwamfuta ta ɗauka an taɓa ƙasa ta kashe inji alhali da saura. Ƙaramin kuskure irin wannan ne ke cin na'ura.

Da ka sauka, kafin ka tona komai leƙa ƙarƙashin cikin na'urar. Iskar rokokin ta share ƙasar saman kamar an sa tsintsiya, da masu Phoenix suka lanƙwasa hannun suka haska da kyamarar da ke jikinsa sai ga wani abu mai haske, shimfiɗe sumul. Hannun tsawonsa mita 2.35, da ɗan shebur a baki da wani ƙarfe mai juyawa na kankaro abu mai tauri, don ƙanƙara a irin wannan sanyin taurinta kamar kankare ne. Kuma tun a duniya an gasa hannun an naɗe shi cikin riga ta musamman, kada a kai ƙwayoyin cutarmu can sannan a dawo ana cewa an gano rai.

Yanzu tona. Santimita kaɗan Phoenix ta shiga ta ci karo da farin abu, kuma nan ne wallahi aikin ya fi burge ni, don ba su fito sun ce ruwa ne ba. Farin abu a Mars zai iya zama gishiri, zai iya zama daskararriyar iskar kabon, zai iya zama ƙanƙarar ruwa. Yaya za ka raba su? Ka ɗau hoto, ka bar ramin a buɗe, ka jira. A wani rami da suka sa wa suna Dodo-Goldilocks akwai wasu 'yan fararen gutsattsari girman ƙwayar sukari a kusurwa, ranar 15 ga Yuni suna nan, da aka sake ɗaukar hoto ranar 19 ga Yuni babu su, kuma babu jiƙa babu laka a inda suke.

Ka san kafur ɗin da iyayenmu mata ke sawa cikin akwatin kaya, a zo bayan wata biyu a tarar ya ƙanƙance ya koma kamar ƙwayar gero, bai narke ya ɓata zani ba, iska kawai ya bi? To haka ƙanƙara ke yi a Mars, saboda nauyin iskar wurin bai kai kashi 1 cikin 100 na tamu ba, ƙanƙara in ta fito fili daga tauri take wucewa tururi kai tsaye. Gishiri ba ya ɓacewa, ko shekara zai yi yana nan. Ita kuma daskararriyar iskar kabon da ba za ta kai ko kwana ɗaya ba a ɗumin wannan lokacin. Abin da zai ɗauki 'yan kwanaki yana ƙarewa a hankali ƙanƙarar ruwa ce.

Duk da haka kar ka tsaya nan, ido ya gani amma sai an auna. Phoenix na ɗauke da ƙananan tanda guda 8, kowace girmanta kamar bututun tawadar biro kuma sau ɗaya tak ake amfani da ita, a zuba ƙasa a rufe a dinga ƙara wuta a hankali har digiri 1,000, wata na'ura kuma tana shinshinar duk tururin da ya fito tana tantance ko na mene ne. A nan fa ka shirya haƙuri. A bakin kowace tanda akwai rariya mai ƙananan huda, sai ƙasar Mars ta ƙi wucewa, ta dunƙule ta zauna a sama kamar garin da ya sha danshi, kwanaki ana girgiza rariyar kafin ta zube ciki, daga nan suka koyi barbaɗawa kaɗan-kaɗan maimakon juyewa gaba ɗaya. Da aka kankaro ƙanƙarar kanta kuma sai ta manne a cikin shebur ta ƙi faɗowa. Ƙarshe ƙasar da ke kwance daf da saman ƙanƙarar suka ɗebo daga zurfin wajen santimita 5, ta yi kwana biyu a shebur ta ɗan sha iska sannan ta yarda ta shiga. Da ɗumin ya hau zuwa digiri 0 a ma'aunin Celsius, inda ƙanƙarar ruwa ke narkewa, aka ga alamar wani abu na narkewa, na'urar shinshina kuma ta kama tururin ruwa. Ranar 31 ga Yuli 2008 aka sanar. Duk wannan fa mutanen da ke jan ragamar aikin a Jami'ar Arizona da agogon Mars suke kwana suke tashi, ranar can ta fi tamu da wajen minti 39, kullum lokacin shiga aikinsu na matsawa gaba har dare ya koma musu rana.

In ka samu ruwan ka ɗanɗana ƙasar da ke kansa ma. Phoenix ta tafi da ɗan ruwa daga duniya ta dama ƙasar a ƙananan kofuna, a nan aka gano wani gishiri mai suna fakuloret, wanda ke hana ruwa saurin daskarewa amma yana cutar da wani sashe da ke wuyan mutum mai suna thyroid, wato duk wanda zai je can da niyyar shan wannan ruwan ko raba shi ya fitar da iskar shaƙa da man roka sai ya tace shi tukuna.

Ka kuma yi sauri don sanyi na tafe. Kwana 90 aka ɗibar wa Phoenix ta yi fiye da wata biyar, rana ta fara yin ƙasa, ƙura ta taso batir ya kasa cika, saƙonta na ƙarshe ya zo ranar 2 ga Nuwamba 2008. Hoton da aka ɗauko daga sama a 2010 ya nuna faifan solarta ya lalace, ana ganin nauyin ƙanƙarar hunturu ne ya karya shi.

Idan kana da data a waya ka rubuta Phoenix Dodo-Goldilocks a Google, hotuna biyu za su fito a jere, na kwana na 20 da na kwana na 24 bayan saukarta, wato na 15 da na 19 ga Yuni. Ka buɗa hoton da yatsu ka duba can ƙasan ramin ta hagu, cikin inuwa, a na farko za ka ga 'yan gutsattsarin, a na biyu ka nemo su.