Yadda ake gane ko ƙungiyar besbol za ta yi ƙaura da gaske

Idan mai ƙungiyar besbol a Amurka ya fara kukan cewa filin wasansa ya tsufa, kuma wai wani birni yana zawarcinsa, kada mai bibiyar lamarin ya yi saurin gaskatawa, domin sau da yawa barazana ce ta neman kuɗin masu biyan haraji.

Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne yarjejeniyar hayar filin da shekarar da za ta ƙare, tunda yawancin filayen nan mallakar birni ne ko gunduma. Irin wannan yarjejeniya ce ta ɗaure ƙungiyar Tampa Bay Rays a filin Tropicana da ke jihar Florida shekara da shekaru. Ko da guguwar Milton ta yaye rufin filin a Oktoban 2024, ƙungiyar ba ta yi nisa ba, filin atisayen New York Yankees da ke Tampa ta ara a kakar 2025.

Daga nan sai a bi sawun kuɗi, kuma a nan ne ya fi dacewa a tsaya da kyau. Zanen sabon fili da ake nuna wa 'yan jarida ba hujja ba ne. A tambaya wace majalisa ce ta kaɗa ƙuri'a, kuma nawa ta ware. Ƙaurar ƙungiyar Athletics daga birnin Oakland ba ta kankama ba sai da jihar Nevada ta amince da dala miliyan 380 a Yunin 2023 domin gina fili a Las Vegas. A gundumar Jackson ta jihar Missouri kuwa, a Afrilun 2024 masu zaɓe sun yi watsi da harajin da ƙungiyar Kansas City Royals ta nema domin gina sabon fili. Amincewar hukuma ma ba ta wadatar ba, domin Rays da kanta ta janye daga shirin fili na dala biliyan 1.3 a Maris na 2025.

Sai kuma ƙuri'ar masu ƙungiyoyin MLB (babbar gasar besbol ta Amurka) su 30, inda ake buƙatar kashi uku cikin huɗu, wato 23. Sun amince wa Athletics baki ɗaya a Nuwamban 2023, amma tun 2025 a ƙaramin fili take wasa a West Sacramento, tana jiran a kammala ginin Las Vegas da aka tsara buɗewa a 2028.